Allura Ko Ƙwaya? Kowane Magani Da Ƙofar Da Yake Bi

Duk wanda ya san Panshekara ya san gari ne na masu cin abinci da guminsu. Tun da asuba jama'a ke ɗunguma zuwa masana'antun Challawa, waɗansu su hau mota zuwa Sharada, waɗansu ma har Bompai, can ɗaya gefen birni. Akwai masu jimar fata, da masu narka roba, da 'yan dako, da masu gadi. Da yawa daga cikinsu aikin yini suke yi, ranar da mutum bai fita ba ko kwabo ba zai gani ba. Saboda haka in zazzaɓi ya kama ma'aikaci, abu ɗaya ne a ransa, wato yadda zai miƙe kafin gari ya waye. Sai ya nufi kemis ya ce, "Malam, a taimaka a yi mini allura, ni ƙwaya ba ta yi mini." In kuwa uwa ce ta kai ɗanta asibiti aka sallame ta da ƙwaya da maganin ruwa, takan dawo gida tana ƙorafi, wai ba a duba yaron da kyau ba, ko allura ɗaya ba a yi masa ba.

Wannan ra'ayi ya zauna daram a zukatanmu, mu masu bi da maƙwabtanmu Musulmi baki ɗaya: wai allura ce babban magani, ƙarin ruwa ne sarki, ƙwaya kuwa ta marasa galihu ce. A dalilinsa ana kashe kuɗin hatsi, ana kwaso cututtukan da suka fi wanda aka je nema wa magani, waɗansu yaran ma sun rasa ƙafa. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan mako mu duba yadda magani ke shiga jiki, gama wanda ya san hanyar da magani ke bi ba zai ƙara auna ƙarfinsa da zafin tsinin allura ba.

Tafiyar Ƙwaya Daga Baki Zuwa Jini

Magani ba ya aiki sai ya isa inda ciwo yake, kuma galibi jini ne motar da ke kai shi. Don haka masana haɗa magunguna abu biyu suke tambaya a kan kowace hanya: nawa ne daga cikin maganin zai isa jini, kuma cikin wane lokaci?

Ƙwayar da muka haɗiya takan fara sauka cikin tumbi, ta jiƙe, ta farfashe, ta narke. Amma jiki ba ya tsotse yawancinta sai ta gangara ƙaramin hanji. Wannan hanji ya kai tsawon mita 6, cikinsa kuwa duk naɗe-naɗe ne da 'yan tsiro ƙanana kamar gashin tawul, ta yadda in da za a shimfiɗa shi zai rufe kimanin murabba'in mita 30, wato faɗin ɗakuna biyu masu kyau. Ta wannan shimfiɗa ce abinci da magani ke ratsawa su shiga jini.

Daga hanji jinin ba ya zarcewa zuciya kai tsaye. Akwai wata babbar jijiya da ke tattara shi ta kai shi hanta tukuna. Ma'aikatan kamfani sun san abin da ake yi wa motar kaya a bakin get: a tsayar da ita, a bincika, a sauke abin da za a sauke, sa'an nan a ɗaga mata ƙarfe ta wuce. Haka hanta take yi. Wani maganin kaɗan take lalatawa daga cikinsa, wani rabi, wani kuwa kusan duka.

To, masu yin magani sun san da wannan shinge, sun kuma sa shi cikin lissafi tun kafin su buga awo a jikin kwali. Inda hanta ke cin kaso mai yawa sukan ƙara awon ƙwayar don a cike giɓin. Akwai kuma magunguna da dama da ba su asarar komai a hanya. Flagyl, alal misali, kusan dukansa yake isa jini, har wanda ya haɗiye ƙwayarsa da wanda aka rataya wa shi a leda, bayan awa ɗaya ko biyu abin da ke jininsu kusan ɗaya ne. Farasitamol kuwa yakan fara aiki cikin rabin awa zuwa awa guda. Ga mutumin da ke iya haɗiya, ba ya kuma amai, bambancin ƙwaya da allura a irin waɗannan magunguna na 'yan mintoci ne kawai.

Abubuwan Da Ke Tare Hanyar Baki

Duk da haka hanyar baki tana da masu tare ta, kuma sau da yawa mu ne da kanmu muke tarewa, sa'an nan mu ce ƙwaya ba ta da ƙarfi. Kafson nan mai ja da ruwan ɗorawa, wato tetarasaikilin, in aka kora shi da nono ko madara, wani sinadari da ke cikin nonon yakan kama shi ya ɗaure, su fita tare ba tare da ya shiga jini ba. Haka sifiro da ake yawan ba masu taifot, ba ya shiri da madara, ko farin maganin ruwan nan na gyambon ciki, ko ƙwayar ƙarin jini. Sai a raba tsakaninsu da aƙalla awa biyu. Ita ma ƙwayar ƙarin jinin da ake ba mata masu juna biyu a wurin awo, shayi yana hana ta shiga sosai, lemon zaƙi kuwa yana taimaka mata. Kanwa tana kashe tsamin tumbi, alhali akwai magungunan da sai da wannan tsami suke narkewa, saboda haka kunun kanwa ba abin kora magani ba ne. Ruwa mai tsabta, kofi cike, shi ya fi.

Wani maganin kuma abinci yake nema. Tun 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin ta koma haɗin nan da aka fi sani da Coartem domin zazzaɓin cizon sauro. Ɗaya daga cikin magunguna biyun da ke cikinsa ba ya narkewa da kyau sai da maiƙo. In an sha shi da madara, ko kunun gyaɗa, ko ƙosai, abin da ke shiga jini yakan ninka sau da yawa. Ma'aikacin da zazzaɓi ya hana shi cin abinci yakan haɗiye shi da yunwa, in ya ji sauƙi a rana ta biyu ya ajiye sauran, alhali sau 6 ake sha cikin kwana 3. Bayan mako biyu zazzaɓin ya dawo, sai ya ce jabu aka sayar masa, a yi masa allura. Maganin tarin fuka kuwa akasin haka ne, da safe kafin karin kumallo ya fi shiga.

Akwai kuma ƙwayoyin da aka yi musu rufi na musamman, waɗansu don kada su narke sai sun wuce tumbi, waɗansu don su riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan har yini guda. Wanda ya daka irin wannan ƙwaya ko ya tauna ta, ya zuba wa jikinsa rabon yini guda a lokaci ɗaya ke nan. In kuma marar lafiya ya yi amai cikin rabin awa da shan magani, a ɗauka bai shiga ba, a tambayi ma'aikacin lafiya ko za a sake. Idan aman ya ƙi tsayawa, ƙofar baki ta rufe ke nan, sai asibiti.

Allura Iri Uku Ce

Sirinjin da muka sani ya samo asali ne a 1853, daga hannun wani likitan Sikotilan mai suna Alexander Wood da wani Bafaranshe, Charles Pravaz. Amma abin da muke haɗawa mu kira allura hanyoyi uku ne daban-daban.

Ta farko ita ce ta jijiya, wadda ƙarin ruwa ma ita yake bi. A nan babu hanji, babu shingen hanta, dukan maganin yana faɗawa jini, jini kuwa cikin kamar minti guda yake zaga jiki. Wannan shi ne amfaninta, shi ne kuma haɗarinta. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Haka abin da aka tura cikin jijiya, in an yi kuskuren awo ko jikin mutum ya ƙi maganin, babu mai dawo da shi.

Ta biyu ita ce ta tsoka, a mazaunai, ko cinya, ko dantse. Maganin yakan taru wuri guda, jinin da ke ratsa tsokar ya riƙa ɗibarsa a hankali. In mutum ya galabaita da gudawa ko zubar jini, jini ba ya gudu sosai a tsoka, sai maganin ya yi kwance a wurin. Waɗansu alluran ma da gangan aka yi su don su yi jinkiri: akwai fenisilin mai yin makonni a jiki, akwai ta tazarar haihuwa mai yin wata 3. Ashe ba kowace allura ce mai sauri ba.

Ta uku ita ce ta ƙarƙashin fata, irin wadda masu ciwon sukari ke yi wa kansu. Insulin, wanda aka gano a Toronto ta Kanada a 1921, ɗan'uwan nama ne a wajen halitta. In an haɗiye shi tumbi zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da tsire, don haka dole a kauce wa baki.

Inda Allura Ta Zama Dole

Kada 'yan'uwa su ɗauka muna kushe allura ne. Akwai lokacin da ita ce kaɗai tsakanin mutum da kabari. Wanda kububuwa ta sara aka kai shi asibitin saran maciji na Kaltungo, ta jijiya ake ba shi maganin dafi, ba shi da ƙwaya. Allurar rigakafin yara ma tana kan hanyarta, kada uwa ta tsallake ko ɗaya.

Ga wani misali daga nan Kano. Akwai wani gishiri da ake kira maganeziyam salfet. In an sha shi ta baki, kaɗan ne ke ratsa hanji, sauran ya ja ruwa ya sa gudawa, shi ya sa tun da can ake wankin ciki da shi. Amma in an ba da shi ta jijiya da tsoka, shi ne ke tsayar da jijjigar da ke kama mata masu juna biyu sakamakon hawan jini. A 2008 aka shigar da shi asibitoci 10 na jihar Kano, aka koya wa likitoci da unguwarzoma yadda ake ba da shi. Cikin shekara guda, matan da wannan ciwo ke kashewa a waɗannan asibitoci suka ragu daga kashi 20.9 cikin 100 zuwa kashi 2.3. Gishiri ɗaya ne, ƙofar ce ta bambanta.

Haka zazzaɓin cizon sauro in ya tsananta, yaro ya fita hayyacinsa, ko yana jijjiga, ko ya kasa kama nono. A nan allurar atesunet ake bukata. Wani babban bincike da aka fitar a 2010, a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da cibiya guda a Ilorin, ya nuna mace-mace sun sauka daga kashi 10.9 ga waɗanda aka ba kwinin zuwa kashi 8.5 ga waɗanda aka ba atesunet. Sai dai a lura, ƙa'idar ita ce a yi allurar aƙalla awa 24, da zarar yaro ya iya haɗiya a koma ƙwaya a shanye ta duka. Allura ta tsallakar da shi, ƙwaya ce ke ƙarasa aikin.

Kanawa ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000. A lokacin ne kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Zana a kan yara 200, wajen rabinsu aka ba su Trovan, sauran aka yi musu allurar wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, 5 a kashin farko, 6 a na biyu. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, a 2009 kuma ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba. Cikin abubuwan da aka yi ta cece-kuce a kai har da batun hanya: shin ya dace a ba yaron da sanƙarau ya galabaitar magani ta baki, alhali hanjinsa ba lalle ya tsotse shi ba? Wannan ya nuna mana zaɓen ƙofa aiki ne na ilimi da amana.

Daga Ina Muka Samo Son Allura?

Kakanninmu ba su ƙaunaci allura a banza ba. Tsakanin 1952 da 1964 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun yi gangamin yaƙi da wata cutar gyambon fata da Turawa ke kira yos, a ƙasashe 46 har da Nijeriya. Allurar fenisilin guda ɗaya tak, cikin 'yan makonni gyambon shekaru ya bushe. Wanda ya ga wannan da idonsa ba abin mamaki ba ne in ya gaya wa jikokinsa cewa babu kamar allura. Amma ƙarfin na fenisilin ne. Tun 2012 ma, ƙwaya ake ba masu wannan cuta, sha ɗaya.

Tarihin ikkilisiyarmu yana da darasi na daban. A 1937 mishan ta SIM ta karɓi kula da matsugunan kutare na lardunan Kano, Katsina da Sakkwato, wato Yadakunya, Babbar Ruga da Amanawa. Maganin wancan zamani allurar man wani itace ne na ƙasar Indiya, mai zafin gaske, ana yin ta shekara da shekaru, waɗanda ta warkar kuwa ba su da yawa. A ƙarshen shekarun 1940, a matsugunin Uzuakoli na ikkilisiyar Methodist, Dokta John Lowe ya nuna cewa 'yar ƙaramar ƙwayar dafson, mai arahar gaske, in an sha ta baki a ƙaramin awo tana kashe cutar. Cikin shekarun 1950 aka baza ɗakunan rabon ta a ƙauyukan Arewa, mutum ya karɓi maganinsa ya koma gonarsa. Daga 1981 aka koma haɗin ƙwayoyi, wanda a yau wata 6 ko 12 ake shan sa. Abin da allura ta kasa, ƙwaya ce ta yi.

Ruwan gishiri da sukari ma haka. An gano cewa sukari yana jan gishiri ya ratsa hanji, ruwa ya bi su, ko da gudawa na ci gaba. A sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladesh a 1971, da ledojin ƙarin ruwa suka ƙare ana tsakiyar kwalara, Dokta Dilip Mahalanabis ya koma ba mutane wannan haɗi ta baki, mace-mace suka sauka daga kimanin kashi 30 zuwa ƙasa da kashi 4. Manyanmu suna tune da yadda aka yi ta shelar sa zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya daga 1985. Ɗigon rigakafin shan inna kuwa an zaɓar masa baki ne domin a hanji ƙwayar cutar take hayayyafa, can ya kamata mai gadi ya tsaya. Da shi aka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Farashin Allurar Da Ba A Bukata

Fata katanga ce da Mahalicci ya kewaye mu da ita, kowace allura kuwa huda katangar ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana yin allura kusan biliyan 16 a duniya kowace shekara, wajen kashi 90 na jinya ne, kuma da yawa daga ciki ƙwaya za ta iya maye gurbinsu. Ta ƙiyasta cewa a 2010 kaɗai, allura marar tsabta ta sa wa mutum har miliyan 1.7 ciwon hanta nau'in B, har 315,000 nau'in C, har 33,800 kuma ƙanjamau. Ciwon hanta yakan yi shekara ashirin yana ɓarna a ɓoye, ranar da ciki ya kumbura babu mai tuna allurar da aka yi a bayan kanti.

Akwai kuma wata babbar jijiyar motsi da ta ratsa mazaunai ta gangara ƙafa. In wanda bai iya ba ya soke ta, yaro yakan tashi yana jan ƙafa, wani har abada. Dalili ke nan da ya sa ma'aikatan da suka ƙware ke yi wa jarirai allura a gefen cinya. Ga ƙurjin allura, mai tara mugunya sai an tsaga. Ga kuma batun awo: a 2010 hukumar NAFDAC ta soke rajistar allurar jentamaisin mai awo 280 saboda tana kurmantar da mutane tana kuma lalata ƙoda.

Ƙarin ruwan da ake nema "don a sami ƙarfi" fa? Leda guda ta rabin lita ta ruwan sukarin da aka saba ratayawa gram 25 na sukari ne a cikinta, bai kai na kwalbar lemo guda ba. Wanda ke iya ci da sha, kwanon kunu ya fi masa ita, ga mai ciwon zuciya ko ƙoda kuwa ruwan yana iya taruwa a huhu. Mu kuma tuna, lasisin mai kemis na sayar da magani ne, ba na buɗe asibiti ba.

Sauran Ƙofofi

Ƙarƙashin harshe fatar siririya ce, jinin wurin kuma ba ya bi ta hanta. Shi ya sa 'yar ƙwayar da ake ba masu ciwon ƙirji na zuciya, in an sa ta a nan takan yi aiki cikin minti biyu ko uku, in kuwa an haɗiye ta hanta za ta cinye kusan duka. Dubura ma ƙofa ce, ko da yake muna jin nauyin ambatonta. Yaro ɗan ƙasa da shekara 6 da zazzaɓi ya tsananta masa nesa da asibiti, ana iya sa masa atesunet ta nan ya riƙe shi a hanya, amma dole a ƙarasa da shi asibiti. Wanda ya suma ko yake jijjiga kuwa, kada a ɗura masa komai a baki, ko ruwa, ko manja, ko jiƙo, gama huhu zai tafi.

Masu asma, waɗanda ƙurar masana'anta da ta hunturu ke tayar wa ciwo, da yawa suna gudun inhela, wai in an fara ba a dainawa. Ga lissafin: fesa ɗaya ta salbutamol kashi ɗaya ce cikin 40 na abin da ke cikin ƙwayarsa mai miligiram 4, amma da yake kai tsaye take sauka a hanyar numfashi, cikin minti biyar ƙirji ya buɗe. Ƙwayar sai ta zaga jiki duka, ta sa rawar hannu da bugun zuciya. Maganin ido ma ɗigo ɗaya ya isa, a rufe idon a danne lungunsa na wajen hanci minti guda don kada ya gangara maƙogwaro. Idon da ya ƙi sauƙi a kai shi asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari ko wani irinsa, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Abin lura ga ma'aikatanmu shi ne, waɗannan ƙofofi ba su tambayar ko magani ne ko guba. Huhun da ke karɓar inhela shi ke karɓar tururin tina da gam, shi ya sa sholisho ke juya kan yaro cikin daƙiƙoƙi. Fatar da ke shan man zafi ita ke shan fetur ɗin da makanike ke wanke hannu da shi, da maganin feshin da ke ɗiga a bayan mai noman rani a bakin kogin Challawa, da sinadarin man bilicin. Safar hannu, da takunkumi, da takalmin roba, da wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, hakki ne a kan masu kamfani su tanada, hakki ne kuma a kanmu mu yi amfani da su. Matasan da suka tashi daga shan kodin, wanda gwamnati ta hana shigo da ruwan tarinsa da sarrafa shi a Mayun 2018, suka koma yi wa kansu allurar fenta, sun ƙara wa kansu haɗari ne ninki biyu: maye mai saurin kama jiki, da gyambo da cututtukan sirinjin da ake karɓa-karɓa.

Aikin Da Ke Gabanmu

Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san labarin Na'aman a 2 Sarakuna sura 5. Ya zo da tsammanin za a yi masa wani gagarumin abu, da aka umarce shi da abu mai sauƙi sai ya juya da fushi, har sai da barorinsa suka lallashe shi. Bai kuwa warke ba sai da ya cika adadin da aka faɗa masa. Halinmu da ƙwaya ke nan: muna raina ta don ba ta da zafi, muna kuma barin ta kafin adadi ya cika.

Saboda haka muna roƙon Zumuntar Mata, da ƙungiyoyin matasa, da dattawan ikkilisiya a Panshekara da kewaye, su ware lokaci su gayyaci nas-nas da masu haɗa magani da ke cikinmu su yi wa jama'a bayani. Mu koya wa juna tambayoyi huɗu a gaban likita: Ta ina zan sha shi? Kafin abinci ko bayansa? Kwana nawa? Me zan guje wa? In an ce allura, ba rashin kunya ba ne a ce, "Ranka ya daɗe, ko akwai na haɗiya da zai yi wannan aiki?" In ta zama dole, a yi ta a hannun wanda ya koya, a ɓare sabon sirinji a gabanmu, kada kuma a jefa tsohon a juji inda yara ke tsince-tsince. Masu ziyarar marasa lafiya, in mun gama addu'a mu tambaya ko an sha magani a kan lokaci, in babu abin da za a ci a sha shi, mu kawo. 'Yan'uwanmu masu kemis kuwa, ribar allura guda ba ta kai ƙafar ɗan maƙwabci ba.

Ubangiji wanda ya yi jiki da ƙofofinsa ya ba mu hikimar lura da shi, ya kuma taɓa dukan waɗanda ke kwance a gida da asibiti. Amin.